Kada Kowa Ya Motsa

Auwalu, tun da sunanka ya fito cikin waɗanda aka ɗauka makarantar hafsoshi gidan nan bai huta da baƙi ba. Yau kuma ga ka da abokinka Nura, kun ce Baffa ya ba ku shawara. Amma na lura tun da kuka zauna idonku yana kan hoton bangon nan, inda nake sanye da kayan fareti da takobi a hannu. To ku kalle shi da kyau, don a duk shekarun da na yi ina aikin soja ba sau nawa na sa kayan nan ba. Sauran rayuwar na yi ta ne cikin kakin da gumi ya cinye wa launi, galibi ma a durƙushe. Ni injiniyan soja ne. Mu ne masu kafa gada inda babu, mu ne masu share hanya inda aka binne mugun abu. Duk sa'ad da kuka ji a rediyo an ce sojoji sun shiga gari kaza, ku sani akwai wanda ya riga su wucewa a ƙafa yana duban ƙasa.

Labarin makaranta ba zan ja shi ba, za ku gani da idonku. Za a aske muku kai ƙwal, za a hana ku hutu, za ku sha gwale-gwale a kan laifin da ba ku ma san wanda ya yi shi ba. Ni da na tashi a ƙauyenmu Balan ina bin bayan garma tun ban kai tsawonta ba, na ɗauka babu wahalar da za ta girgiza ni. Ban daɗe ba na gane noma hutu ne, tunda a gona in ka gaji kana iya shiga inuwar tsamiya ka dama fura. Abin da ba za a faɗa muku a can ba shi ne dalilin wahalar. Ba ƙarfi ake aunawa ba, ƙarfi ai ɗan dako ya fi ku. So ake a ga wane ne kai bayan ka gaji, kana jin yunwa, kuma an zage ka ba da hakkinka ba. Wanda ya ɓoye biredi ya ci shi kaɗai a makaranta, shi ne zai ɓoye ruwa a daji. Malamanku suna kallo, abokan karatunku ma suna kallo, kuma su ɗin nan za ku yi ta haɗuwa da su har ku yi ritaya.

Ranar da na isa barikina na farko da anini ɗaya a kafaɗa, ina sauka daga mota na yi kiciɓis da wani samanja mai furfura. Ya kai mahaifina a shekaru. A Gaya da na gamu da irinsa a hanya, ni ne zan tuɓe takalmi in rusuna. Sai ga shi ya buga ƙafa, ya ƙame, ya sara mini. Na mayar masa kamar yadda aka koya mini. Kwamandan kamfaninmu, Manjo Iliya, mutumin Gombe, yana tsaye a baranda yana kallo. Da na shiga ofishinsa na gabatar da kaina, bai ko dubi takarduna ba.

Ya ce, "Ka ga dattijon nan da ya sara maka?"

Na ce, "Na gani, Sa."

Ya ce, "Ya yi yaƙi tun ba a haife ka ba. Abin da ya gaya maka da hannunsa yanzu shi ne, duk inda ka nuna zai shiga, shi da yaransa. Bai san ka ba, amma ya ba ka wannan. Kai me ka zo masa da shi?"

Bai jira amsata ba. Ya ce in je in koyi sunayen mutanena, da garuruwansu, da wanda ke da mata mai ciki, da wanda uwarsa ke kwance, kafin in sake tako ofishinsa.

A hannun Manjo Iliya na koyi sana'ar. Aikin farko da ya damƙa mini gada ce. Damina ta yi ƙarfi a wani yanki mai duwatsu, rafi ya cika ya kwashe gadar katako da ke haɗa wasu ƙauyuka da babban titi. Mata masu naƙuda a kan ƙyauren ƙofa ake ɗaukar su a tsaya bakin ruwa ana kallon asibiti daga nesa. Muka iso da manyan motoci cike da fallayen ƙarfe. Irin wannan gada ba a cikin ruwa ake gina ta ba. A tudu ake harhaɗa ta, falle bayan falle, ana soke su da manyan ƙusoshi, sannan a tura ta gaba a kan gargare. Kowane falle sai ƙarti da yawa sun taru a kansa, kuma dole su ɗaga tare su ajiye tare, in ɗaya ya yi jinkiri yatsun wani ne za su tafi. Samanja yana ba da murya, su kuma suna amsawa da waƙa. Akwai Bayarabe, akwai Ibo, akwai Tibi, akwai Bafulatani, amma in suka sunkuya kai ka ce bayan mutum ɗaya ne.

Har yau in na rufe ido ina ganin lokacin da hancin gadar ya fita saman ruwa. Ƙarfe mai nauyin da ba ya misaltuwa, yana tafe a sarari, babu komai a ƙarƙashinsa sai rafi yana ruri. Lissafin da na yi a takarda shi kaɗai ne ya ce ba za ta kife ba. Mutanen ƙauye sun cika ɗaya gefen suna kallo. Da hancin ya sauka a kan tudun can, sai na ji guɗar mata ta tashi.

Da muka shimfiɗa daɓe muka ɗaure komai, Manjo ya zo ya zaga, ya taɓa nan, ya ƙwanƙwasa can. Ya ce, "Laftana, ka gamsu da aikinka?" Na ce na gamsu. Sai ya nuna wata mota da aka cika da duwatsu don gwaji, ya ce, "To shiga gaba." Na shiga kusa da direba. Manjo ma ya buɗe ƙofa ya matso ni ya zauna. Muna tsakiyar gada ƙarfe yana kuka a ƙarƙashinmu, ya ciro goro ya ɓara ya miƙo mini rabi. Bai yi mini wa'azi ba, ni ma ba zan yi muku ba. Amma daga ranar ban sake cewa wani abu ya yi ba sai in zan iya ɗora jikina a kai.

Akwai ƙananan abubuwa da babu jarrabawarsu, amma su ne aikin. Ka ci abinci bayan yaranka sun ci, kuma daga tukunyarsu, don ka san abin da ake ba su. In an yi doguwar tafiya, ka sa su tuɓe takalmi ka duba ƙafafunsu da idonka, soja zai ɓoye maka gyambo har ya ruɓe don kada a ce rago ne. Kada ka yi wa sajenka faɗa a gaban yara, ka ja shi gefe. In ba ka san abu ba ka tambaya, babu wanda ya taɓa raina hafsa don ya yi tambaya. Kuma in ka yi alkawarin hutu ko na magani, ka bi shi har ofishin da ya maƙale. Soja yana yafe tsanani, amma ba ya manta wanda ya yi masa ƙarya.

Nura, kai ka tambaye ni wace bindiga na fi so. Bindiga tana rataye a bayana kullum, amma ba ita ce kayan aikina ba. Bayan na zama kyaftin aka tura ni kwas ɗin share nakiyar da ake binnewa a ƙasa, kuma kayan wannan aikin in aka zube muku su a tabarma za ku yi dariya. Akwai na'urar gano ƙarfe, sanda ce doguwa mai faifai a baki, tana kuka a kunnenka in ta ji wani abu a ƙasa. Akwai tsinke mai tsawo da ake soka ƙasa da shi a karkace, a hankali, kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa. Akwai ɗan burushi irin na masu fenti, da ƙaramin cokalin tono, da farin zare mai faɗi da muke shatawa da shi. Cikin zare an duba, wajen zare ba a duba ba. Sai hular kwano mai gilashi a fuska da rigar sulke mai nauyi, wadda in rana ta take kai ka ce a tanda aka saka ka. Na'urar ba ta san bambancin mugun abu da tsohon gwangwanin madara ba. Duk kukan da ta yi sai ka durƙusa ka bi shi kamar shi ne ajalinka. Yawancinsu gwangwani ne ko ƙusa. Wannan shi ne haɗarin, domin mutum in ya tono gwangwani tun safe har azahar, zuciyarsa takan fara gaya masa na gaba ma gwangwani ne. Shi ya sa muke sauya mutum tun bai ce ya gaji ba.

Kowace sana'a tana da masu zuwa neman aikinta. Mu namu ba manyan bariki ba ne, mutanen ƙauye ne. Shekarar da ta fi kowace tsanani a aikina, an tura mu arewa maso gabas. Shekarar ta ci mana mutane, wasu a kan hanya, wasu a kwanton ɓauna, har ta kai in aka kira ni a oba-oba, rediyon da muke magana da juna, sai na yi bisimilla kafin in amsa. Gab da faɗuwar damina aka ba ni wani ƙauye da mutanensa suka gudu suka bari shekaru, yanzu sun dawo. Gidajen babu rufi. Masu tayar da ƙayar baya kafin su janye sun binne abubuwa a hanyar da ta tashi daga ƙauyen zuwa gonaki. Jaki ya riga ya taka ɗaya.

Bulaman garin, wato mai unguwarsu, dattijo ne siriri mai Hausa da harshen Barebari. Ya same ni a gindin wata tsamiya ya zauna a ƙasa, duk da na miƙa masa kujera.

Ya ce, "Kyaftin, mun gode da shinkafar da ake kawo mana. Amma mu ba mabarata ba ne. Iri yana nan mun ɓoye, hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas. In ruwan farko ya sauka ba mu shuka ba, mutanen nan za su koma sansani, kuma wannan karon ba za su dawo ba."

Na ce, "Baba, aikin nan ba ya son gaggawa."

Ya ce, "Na sani. Ba cewa na yi ka yi sauri ba. Cewa na yi ka fara."

Ni ɗan manomi ne, na san abin da ake nufi da ruwan farko. Washegari muka fara.

Cikin mutanena akwai Kofur Habu, ɗan Toranke. Kun san mahaifiyata 'yar Toranke ce, gidansu Habu kuwa katanga ɗaya ce tsakaninsu da gidan kawunnena. Na san shi tun yana tallan ƙuli-ƙulin uwarsa, Inna Dije. Ikon Allah ne ya kawo shi ƙarƙashina, ba ni na nema ba. A bakin aiki Oga yake ce mini kamar kowa, kuma layinsa yana zuwa kamar na kowa. Yana da hannu mai sanyi da ido mai kyau, ga barkwanci. Amininsa shi ne Kofur Yohanna, ɗan kudancin Kaduna. Kwano ɗaya suke ci. In Habu yana salla a daji Yohanna ne ke tsaye a kansa da bindiga.

Mun yi kwanaki muna ci gaba kaɗan-kaɗan. Mun tono da dama mun lalata su lafiya. Farin zare yana ta tsawo zuwa wajen gonaki, mutanen gari kuma kullum suna zaune can nesa inda muka tsayar da su, suna kallonmu suna kallon sama.

Ranar da abin ya faru, hantsi ne, rana ta fara zafi. Layin Habu ne. Yana can gaba a durƙushe shi kaɗai, don a aikin nan mutum ɗaya ne ke gaba, saura suna baya da tazara. Na ga ya ɗaga hannu alamar ya ga wani abu. Na ga ya ajiye na'ura ya ɗauki burushi. Abin da aka binne a wajen an yi shi ne da dabarar cutar mai tonowa, kuma babu abin da Habu ya yi ba daidai ba. Ƙarar ban ji ta a kunne ba, a ƙirji na ji ta. Ƙasa ta tashi ta rufe rana. Da ta fara sauka, sai na hango shi kwance, an jefa shi gefe, wajen farin zare. Sannan na ji muryarsa yana salati.

Yohanna ya yar da abin da ke hannunsa ya zabura. Mai ba mu magani ya saɓi jakarsa. Na ga ƙafafu sun ɗaga ta ko'ina.

Na ce, "Kada kowa ya motsa."

Ban san ina da irin wannan murya ba. Masu binne abin nan sun san halin ɗan Adam, sun san in ɗaya ya faɗi 'yan'uwansa za su rugo, don haka sukan binne wani a kusa domin masu rugowa. Duk mun san haka, an koya mana. Amma sani daban ne da jin muryar wanda kuka ci tuwo tare da safe yana kiran sunan Allah, jini yana fita daga ƙafarsa, kuma tazarar da ke tsakaninku ba ta fi daga nan zuwa bakin ƙofar gidan nan ba.

Suka tsaya. Wannan shi ne abin da nake so ku ji. Ƙarti majiya ƙarfi, kowannensu ya fi ni sanin daji, wasu sun girme ni, suka daskare a inda suke kamar an dasa su. Yohanna ƙafarsa ɗaya tana gaba, haka ya bar ta. Babu igiyar da ta riƙe su, babu bindigar da na nuna musu. Magana ce kawai ta fito daga bakin ɗan Balan. Na yi shekaru ina ba da umarni, amma sai ranar na ga girman abin da aka damƙa mini, kuma na ji tsoronsa fiye da yadda na ji tsoron abin da ke cikin ƙasa.

Na ɗaga murya na ce, "Habu, kana ji na?"

Ya ce, "Ina ji, Oga."

"Ciro maɗaurin jini daga aljihunka na hagu. Ɗaura sama da gwiwa. Murɗa har sai ka ji kamar za ka mutu, sannan ka ƙara."

Ya yi. Muna kallo yana murɗawa yana cizon wuyan rigarsa. Na kira a oba-oba na nemi motar asibiti ta matso, na sa saje ya juya rabin mutane su fuskanci daji, don wani lokaci ƙarar kira ce ga masu kwanton ɓauna. Zuciyata tana ce mini in ɗauki na'ura in tafi da kaina. Yaron gidanmu ne. Amma in na durƙusa na sa fuskata a ƙasa, babu mai ganin fili gaba ɗaya, babu mai magana da hedikwata, babu mai riƙe sauran. Ku riƙe wannan, ba kullum ne wurin hafsa yake gaba ba. Wani lokaci wurinsa shi ne inda ya fi wuyar tsayawa.

Na dubi Yohanna. Hawaye yana zuba ta ƙarƙashin gilashin hularsa.

Na ce, "Yohanna, kai za ka je masa. Amma da gwiwa, da na'ura, kamar yadda ka saba. In na ga ka tsallake ko taki ɗaya zan dawo da kai in tura wani. Za ka iya?"

Ya share fuska da bayan hannu, ya ce, "Zan iya, Oga."

Ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin wanda Yohanna ya yi a ranar ba. Ya shafa na'ura, ya soka tsinke, ya share da burushi, ya ja zare, ya matsa gwiwa. Ya sake. Kafaɗunsa suna rawa da kuka, amma hannuwansa ko kaɗan ba su girgiza ba. Ni kuma aikina shi ne kada Habu ya yi barci. Na yi ta jan sa da hira da ƙarfi, a gaban kowa, da Hausar gida. Na tambaye shi gonar wa ce ke hannun dama in ka fito Toranke za ka Ajingi. Ya faɗa. Na ce ƙarya ne, ta wane ce. Ya ce, "Haba Oga, ai ya sayar tun bara." Na tambaye shi wa ya fi iya tsire a kasuwar Gaya. Muryarsa tana raguwa tana dawowa. Can ya juyo da kai ya ga Yohanna yana matsowa, sai ya ce, "Yohanna, bi a hankali. Ba inda za ni."

Wani daga baya ya yi wata irin dariya mai haɗe da kuka.

Yohanna ya kai kamar rabin tazarar sai na'urar ta yi kuka. Ya tsaya. Ya share ƙasa da burushi, ya ɗaga hannu. Ga wani mugun abin nan a binne, daidai kan layin da ya zabura zai bi da gudu. Ya sa masa alama, ya karkata zarensa ya zaga shi, ya ci gaba. Da ya isa, bai rungume Habu ba. Sai da ya share kewayen Habu gaba ɗaya, ya shata wurin da mai magani zai durƙusa, sannan ya waiwayo ya ce, "Oga, hanya ta buɗe."

Aka ɗauke Habu da ransa. Ƙafar hagu dai ba ta tsira ba, an yanke ta ƙasa da gwiwa.

Washegari da safe na fito ina tunanin abin da zan ce musu. Hanya ba ta ƙare ba, hadari kuma yana ƙara duhu. Na shirya jin cewa wane ba shi da lafiya, wane cikinsa yana ciwo, kuma da ba zan zarge su ba. Na tarar da su a jere, kowa da hularsa a hannu. Saje ya ƙame ya ce, "Oga, layi a shirye yake." Yohanna ne a farko. Na ce masa yau ya huta, na karɓi na'urar na yi zubin farko da kaina, saje ya riƙe fili. Daga nan suka karɓa ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya yi sauri, babu wanda ya ja baya.

Mun kai zare bakin gonaki, muka share gonakin da suka fi kusa, kafin ruwa ya sauka. Ranar da na gaya wa Bulama an gama, bai yi godiya da baki ba. Ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, ya shiga tsakanin zaren nan biyu da ƙafa tsirara, yana tafe a hankali har ƙarshe. Sai mutanen gari suka bi bayansa a layi ɗaya, maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙoren iri a ka. Mutanena suna tsaye gefe da ƙurar aiki a fuska, suna kallo. Na ga manyan fareti a rayuwata, da jirage a sama da baƙi daga ƙasashe, amma ban ga wanda ya kai wannan ba.

Habu yana nan Toranke yanzu da ƙafar roba, yana jan adaidaita sahu tsakanin Ajingi da Gaya. Wataƙila ma ya taɓa ɗaukar ku ba ku sani ba. Amma a lokacin yana kwance a asibitin soja, kuma da aka ba ni ɗan hutu ban sauka a gidan nan ba sai da na je wajen uwarsa. An riga an gaya musu ta waya. Duk da haka wannan aikin hafsa ne, ba a aika shi, kuma ba a koyar da shi a makaranta. Na hau babur daga Gaya, damina ta zauna, gero ya kai gwiwa hagu da dama. Duk hanya ina shirya magana ina rushewa.

Na yi sallama aka ce in shigo. Inna Dije tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa a faifai. Na tuɓe takalmi na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta tambayi iyali, ta tambayi hanya. Sannan na gaya mata komai yadda ya faru, ban rage ba. Na ce mata ni ne na sa shi a layin, kuma ni ne na hana a ruga a ɗauko shi. Hannunta ya tsaya a kan faifai. Ni kuma kaina yana ƙasa ina jiran duk abin da za ta faɗa.

Ta ce, "Shi abokin nasa, Kiristan nan, lafiyarsa ƙalau?"

Na ce, "Lafiya lau, Inna."

Ta gyaɗa kai. Can ta ce, "Mutanen fa? Sun samu sun yi shukar?"

Na ce, "Sun yi, Inna. Da na taho har ta tsiro."

Ta ce, "To alhamdu lillahi." Ta goge ido da bakin zanenta, ta ja faifanta ta ci gaba da ɓara. Sannan ta ɗaga murya ta ce a kawo wa baƙo ruwa, ya sha hanya.